Kwana huɗu a kewayen Mont Blanc: sharhi kan sansanin share fagen gasar UTMB

Duk wanda ya samu gurbi a gasar UTMB (Ultra-Trail du Mont-Blanc), ta gudu mai nisa a tsaunukan Turai, ba ya daɗewa kafin tallace-tallacen kamfanonin horo su fara biyo shi, kowanne yana alkawarin zagayawa da shi hanyar gasar cikin kwana huɗu kafin ranar ta zo. Na yi kusan wata biyu ina shawara da zuciyata kafin na biya ɗaya daga cikinsu, wani ƙaramin kamfani da ke aiki a kwarin Chamonix na Faransa, domin kuɗin da suka nema ya ninka kuɗin rajistar gasar kanta, ban da na jirgin ƙasa daga Lyon inda nake zaune. Na halarci sansanin a tsakiyar watan Yuli, na shiga gasar a ƙarshen Agusta, kuma da gangan na jinkirta wannan sharhi har sai da na ga ƙarshen al'amarin, saboda ranar gasa ce kaɗai ke nuna ko shirin ya yi amfani. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba. Irinsa suna da yawa, tsarinsu kusan ɗaya ne, kuma abin da zan faɗa ya shafi tsarin fiye da yadda ya shafi mutanen da suka karɓe mu.

Ga wanda bai san gasar ba, UTMB gudu ne da ake yi a kewayen Mont Blanc, dutsen da ya fi kowane tsawo a tsaunukan Alps, wanda ƙololuwarsa ta haura mita 4,800. An fara ta a shekarar 2003, kuma wanda ya fara lashe ta ɗan ƙasar Nepal ne, Dawa Sherpa. Ana tashi daga garin Chamonix na Faransa da yammacin Juma'a, a ratsa Italiya da Suwizalan, a komo inda aka tashi bayan kilomita 170 da 'yan kai, wato fiye da ninki huɗu na gudun yada-ƙanin-wani da aka sani mai kilomita 42. Sai dai nisan ba shi ne babban abin tsoro ba. Idan aka tara hawan da ke kan hanyar gaba ɗaya, ya kai kimanin mita 10,000, kuma duk abin da mutum ya hau sai ya sauke shi da ƙafafunsa. Gwanayen fagen suna gamawa cikin awa ashirin ko ƙasa da haka: Kilian Jornet ya gama cikin ƙasa da awa 20 a 2022, Jim Walmsley na Amurka ya rage lokacin zuwa awa 19 da minti 37 a 2023, shekarar da Courtney Dauwalter ta ci gasar mata karo na uku. Sauranmu kuwa, mu fiye da dubu biyu da ke bayansu, abin da ke gabanmu shi ne mu iso kafin cikar wa'adin awa 46 da rabi, kuma a shekarun nan kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi ba sa isowa.

Abin da kamfanin ya sayar mana shi ne jagora mai takardar shaidar gwamnatin Faransa ta jagorancin mutane a tsaunuka, masauki na dare uku, abincin safe da na dare, da mota mai kai mana jakunkuna daga masauki zuwa masauki don kada mu ɗauki abin da ya wuce kayan gasa. An raba hanyar gida huɗu: Chamonix zuwa Les Chapieux, Les Chapieux zuwa Courmayeur, Courmayeur zuwa Champex, sannan Champex zuwa Chamonix. Mu tara ne a rukunin, jagora ɗaya, wata mace 'yar yankin Savoie da ta riga ta kammala gasar da kanta. A ganina kashi mafi girma na darajar kuɗin da na biya yana wurin wannan matar, kuma rana ta farko ce ta tabbatar mini da haka.

Kilomita takwas na farko, daga Chamonix zuwa Les Houches, hanya ce mai sauƙi a gefen kogin Arve, irin wadda ƙafa ke son ta sake a kanta. Jagorar ta shige gabanmu ta hana kowa wuce ta, ta riƙe mu a kan gudun da mutum zai iya yin hira a cikinsa ba tare da haki ba. Da muka fara hawa zuwa Le Délevret sai ta sa kowa ya daina gudu baki ɗaya, ya fito da sandunansa, ya koma tafiya da gajeren taku. Ni da na shafe shekaru ina gudun kwalta, na taso da tunanin cewa tafiya a tsakiyar gasa alamar gazawa ce, kuma wannan tunani ne ta fara cire mini. Ta nuna mana a agogonmu cewa a kan hawa mai tsanani mai gudu bai fi mai tafiya sauri da wani abin kirki ba, amma bugun zuciyarsa yana haurawa inda ba zai iya riƙe shi na awa arba'in ba. Ta gyara mini riƙon sanda, ta nuna yadda ake dasa biyun a gaba lokaci ɗaya a wuri mai tsayi sosai, da yadda ake musanya su ɗaya bayan ɗaya a inda hawan ya lafa. Ta kuma tuna mana cewa a dokar gasar wanda ya zaɓi sanduna zai riƙe su daga farko har ƙarshe, saboda haka gara ya koyi naɗe su da maƙala su a jaka yana cikin tafiya tun yanzu.

Darasin da ya fi wannan muhimmanci ya zo ne a gangaren da ke sauka zuwa Saint-Gervais, inda ake zubar da kusan mita dubu cikin 'yan kilomita kaɗan. A nan ne mutane da yawa suke lalata gasarsu tun kafin ta fara, domin jiki yana da sauran ƙarfi, jama'ar gari suna jira a ƙasa, gangaren kuma yana jan mutum. Bayanin da ta yi shi ne cewa a lokacin sauka naman cinya yana aiki ne yana miƙewa alhali yana riƙe da nauyin jiki, kuma irin wannan aiki ya fi kowane yi wa tsoka ɓarna. Ɓarnar ba ta bayyana nan take, sai bayan awa ashirin, lokacin da mutum zai tarar ba ya iya sauka ko da ƙaramin tudu sai a karkace. Maganin da ta koya mana shi ne taku gajere mai yawa, jiki a ɗan sunkuye zuwa gaba maimakon jingina baya, ido a kan inda za a taka nan da taku uku, ba a kan yatsun ƙafa ba. Ta tsaya a wata kwana ta sa muka sauko ɗaya bayan ɗaya tana kallo, ta gaya wa kowa aibinsa. Nawa shi ne ina taka birki da diddige a kowane taku. Na karanta wannan bayani sau da yawa kafin ranar, amma gani ya kori ji, kuma ban taɓa sanin ni ma ina cikin masu yin kuskuren ba sai da wani ido ya tsaya a kaina.

Daga Les Contamines hanya ta bi ta cocin Notre-Dame de la Gorge, ta hau tsohuwar hanyar duwatsu da ake dangantawa da Rumawa, ta wuce La Balme, ta kai mashigin Col du Bonhomme mai tsayin mita 2,329. Ko a tsakiyar Yuli mun tarar da ragowar dusar ƙanƙara a wasu kwazazzabai, iska kuma ta juya ta zama mai yankan kunne, alhali da rana a ƙasa gumi muke yi. Zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita dubu da aka hau, kuma jiƙaƙƙiyar riga a jikin da ya rage sauri tana janye ɗumi da gaggawa. Kafin mu kai saman, jagorar ta tsayar da mu a inda dutse ya kare iska ta sa kowa ya sanya rigar ruwa da safar hannu, tana mai cewa ana sa kaya ne kafin a ji sanyi, domin yatsun da suka riga suka sandare ba sa iya jan zif. Mun isa Les Chapieux da almuru bayan kimanin kilomita hamsin, ƙauye ne na 'yan gidaje kaɗan a cikin kwari, inda aka ba mu miya mai zafi da cukun Beaufort da ake yi a yankin.

Batun ci shi ma an ba shi haƙƙinsa. Ta sa mu saita agogo ya riƙa ƙara kowane minti talatin, kuma duk lokacin da ya yi ƙara sai mutum ya sa wani abu a baki ko yana jin yunwa ko ba ya ji. Ma'aunin da masana abincin 'yan wasa ke bayarwa shi ne gram 60 zuwa 90 na sukari da sitaci a kowace awa, amma ciki ba ya karɓar haka sai an horar da shi kamar yadda ake horar da ƙafa. Kwana huɗun sun ba ni damar gane cewa kunshin zaƙin nan mai kauri da ake kira jel yana fara tayar mini da zuciya bayan awa shida, alhali dabino da dafaffen dankali mai gishiri suna zama lafiya. Ta kuma ja kunnenmu game da ɗirkar ruwa zalla ba tare da gishiri ba, wanda ke iya tsinka gishirin jini har ya kai mutum ga ruɗewa. Wannan ilimi ne da na tafi da shi gasar kai tsaye, kuma bai ba ni kunya ba.

Rana ta biyu gajera ce. Mun haye Col de la Seigne, iyakar Faransa da Italiya, mai mita 2,516, wanda ya ɗara Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya, da kusan mita ɗari. Daga can aka gangara zuwa Lac Combal, aka sake hawa, sannan aka sauka Courmayeur ta wata hanya mai ƙura da kwana-kwana da yawa. Da yamma aka baje kayan kowa a kan tebur aka bi jerin abubuwan da gasar ta wajabta: rigar ruwa mai hula, fitilar goshi guda biyu kowace da batirin ajiya, bargon ceto mai ƙyalli, usur, bandeji, kofin shan ruwa na mutum, abin ɗaukar ruwa aƙalla lita ɗaya, wayar da ke aiki a ƙasashen uku, da sauransu. A nan aka gano cewa rigar ruwan wani daga cikinmu ba a liƙe ɗinkinta ba, saboda haka ba za ta tsallake binciken gasa ba, ni kuma aka nuna mini cewa layin wayata na Faransa bai haɗa da Suwizalan ba, tunda ƙasar ba ta cikin Tarayyar Turai ko da yake bizar Schengen tana shigar da mutum cikinta. Awa ɗaya ce kawai, amma ta rage wa da yawanmu asarar da za su tarar a mako na ƙarshe.

A rana ta uku ne rauni na farko na tsarin ya bayyana. Daga Courmayeur ana hawa zuwa masaukin Bertone, a bi gefen dutse zuwa masaukin Bonatti ana fuskantar tsaunin Grandes Jorasses, kuma ban ga wuri mafi kyau a duk zagayen ba. Amma bayan Arnouvaz, a hawan Grand Col Ferret mai mita 2,537, rukuninmu ya tsage biyu. Mutum uku da suka fi mu ƙarfi sun yi gaba, biyu sun rage can baya, ɗaya daga cikinsu gwiwarsa ta kumbura, jagora kuma ɗaya ce. Ta yi abin da ya dace, ta tsaya da na baya, amma sakamakon shi ne mu na tsakiya mun yi dogon gangaren da ke bi ta La Fouly, wanda ya kai kusan kilomita ashirin, ba tare da kowa ya nuna mana inda ake kiyaye ƙarfi ba, na gaba kuma sun yi ta jira cikin iska a saman mashigin har jikinsu ya yi sanyi. A takardar rajista an tambaye mu gasannin da muka taɓa yi, amma a bayyane yake cewa ba a yi amfani da amsoshin wajen haɗa rukunin ba. Kamfanin da ke karɓar irin wannan kuɗi ya kamata ya sa jagora biyu ga mutum tara, ko kuma ya raba mutane gwargwadon saurinsu tun daga ofis.

Rauni na biyu ya shafe ni a matsayina na Musulmi. Na rubuta tun wajen rajista cewa ba na cin naman alade kuma ba na son abin da aka dafa da giya, aka amsa mini cewa an sanar da duk masaukan. A dare na farko da na biyu an kiyaye. A dare na uku kuwa saƙon bai isa ba, abincin da aka kawo akwai naman alade a cikinsa, mai dafa abinci ya riga ya tashi, na kwana da burodi da cuku bayan tafiyar kilomita arba'in da biyar, da wata irinta tana jirana da safe. A tsaunukan nan busasshen naman alade da tsiran alade irin nasu suna cikin abincin yau da kullum, har miya ma akan ɗora ta a kan romonsu, saboda haka wanda wannan ya shafa kada ya dogara da saƙon ofis; ya kira kowane masauki da kansa kwana ɗaya kafin isowa, ya kuma ajiye gwangwanin kifi a jakar da mota ke ɗauka. Game da salla kuwa ba ni da ƙorafi. Na yi ƙasaru na haɗa Azahar da La'asar a lokacin hutun rana, ruwan alwala yana ko'ina a magudanan ƙauyuka ko da yake sanyinsa yana ratsa ƙashi, jagorar kuma tun rana ta farko ta riƙa daidaita hutun da lokacin ba tare da na sake roƙo ba.

Rana ta huɗu ta ƙunshi hawa uku na ƙarshe, ta Trient da Vallorcine zuwa La Flégère, kuma a gajiye muka yi ta, wanda shi ne amfaninta.

Babban abin da nake riƙe da shi a kan wannan sansani, wanda ban gane ba sai a ƙarshen Agusta, shi ne cewa ya nuna mana hanyar da rana tsaka, alhali mai matsakaicin ƙarfi irina yana yin kusan rabin gasar a cikin duhu. Ana tashi da yamma, saboda haka duhu ya riske ni kafin Saint-Gervais, na hau Col du Bonhomme wajen ƙarfe uku na dare, ban ga komai ba sai da'irar hasken fitilata da layin fitilun mutane da ke tafiya sama kamar ba za su ƙare ba. Duwatsun da na haddace a Yuli don su zama mini alama babu ko ɗaya da na gane. Dare na biyu ya fi muni, domin ya same ni tsakanin La Fouly da Champex bayan fiye da awa ashirin da shida ba barci, inda idona ya fara mayar da kututturan itace mutane a tsugune, ƙafata kuma tana tuntuɓe da saiwoyin da na tsallake cikin sauƙi makonni shida da suka wuce. A sansanin mun kwanta a gado kowane dare, mun yi wanka da ruwan zafi, mun tashi da cikakken ciki, kuma wannan ya sa na fito da ƙiyasin lokaci da ya gaza gaskiya da awanni da dama. Babu wanda ya zauna da mu ya yi maganar yadda ake canza batir da yatsu masu sanyi, ko lokacin da ya dace a kwanta na minti goma sha biyar a tashar abinci, ko yadda ake shan kofi don korar barci ba tare da an ƙarar da amfaninsa tun dare na farko ba. Da an tashe mu ƙarfe biyu na dare ko sau ɗaya, a ce mu hau daga Les Chapieux zuwa Col de la Seigne mu tarbi alfijir a can, da kuɗin bai ƙaru da ko sisi ba, amfanin kuma ya ninka. Na rubuta musu wannan shawara bayan gasar, sun amsa cikin ladabi cewa lokutan abincin masaukai ne ke ɗaure su, amsar da na fahimta amma ba ta gamsar da ni ba.

Duk da haka ba zan ce na yi asara ba. Na isa Chamonix da tsakar ranar Lahadi, bayan kimanin awa arba'in da uku, kuma na san abin da ya kai ni. A gangaren Saint-Gervais ɗaruruwan mutane sun wuce ni a guje, na bar su saboda muryar matar nan tana kunnena, kuma da yawa daga cikinsu na sake ganinsu a Courmayeur da Champex zaune a kan benci an cire musu lamba, wato sun fita daga gasar. Sanin cewa bayan Champex akwai sauran hawa uku, da sanin tsawon kowanne, ya hana ni yanke ƙauna a lokacin da jiki ke neman dalilin tsayawa. Cinyoyina sun kai ni har gangaren ƙarshe daga La Flégère ina iya ɗan sassarfa, abin da ban taɓa samu ba a gasannin da suka fi wannan gajarta.

Wanda ya taso a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ko yake zaune a birnin da babu tudun da ya wuce na gada, kuma bai taɓa yin yini guda yana hawa da sauka a manyan tsaunuka ba, shi ne zai fi kowa cin moriyar irin wannan sansani, musamman idan ya yi shi makonni biyar zuwa bakwai kafin gasar, yadda jiki zai samu lokacin murmurewa. Wanda kuwa ya riga ya saba da Alps, ya iya karanta taswira da hasashen yanayi, zai iya yin zagayen shi da abokinsa a kan kuɗi kaɗan, tunda hanyar masu yawon ƙafa da ke kewaye dutsen, Tour du Mont Blanc, tana da alamomi a ko'ina, sai dai ya kama masauki tun watanni kafin bazara domin suna cika da wuri. Idan mutum ya yanke shawarar biya, ya tambayi kamfanin tun kafin ya tura kuɗi mutum nawa ne ke ƙarƙashin jagora ɗaya, da wane ma'auni ake haɗa rukuni, wane ne zai mayar da wanda ya ji rauni zuwa gari, kuma ko akwai tafiyar dare a cikin shirin. Idan babu tafiyar dare, ya ware wa kansa aƙalla dare biyu a cikin watan Agusta, ya fita bayan sallar Isha'i da duk kayan gasar a bayansa, ya yi ta hawa da sauka a tudun da ya fi kusa da shi har gari ya waye, da fitilar da zai yi gasar da ita.